Tambaya da Amsa: Tsadar Ban Ruwa da Aljihun Manomin Rani

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata kusan duk a kan magana ɗaya suka taru, wato kuɗin da manomi ke kashewa kafin ruwa ya isa gindin shukarsa. Injiniyan ban ruwa da malamin gona da ke kula da wannan fili sun zaɓi guda shida. Duk farashin da za ku gani a cikin lissafi misali ne kawai, kowa ya cire namu ya sa na ranar da yake karantawa.

Assalamu alaikum. Ina noman latas, kabeji da albasa mai lawashi a rabin eka a bakin rafi, wajen Dzorwulu a Accra. Injina na fetur ne mai bakin inci biyu, kuma da hunturu kullum sai ya yi awa uku yana aiki. Mai ya tashi, amma matan kasuwa ba su ƙara kuɗin komi yadda ya kamata ba. In rage shuka ne, ko in koma garwa? — Mai lambu, Nima

Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka rage shuka tukuna, kada kuma ka koma garwa. Awa ukun nan ne muke zargi.

Ga lissafin. A ranar rani mai zafi, ganye irin naka yana shan kimanin lita 5 a kowace murabba'in mita. Rabin eka murabba'in mita 2,000 ne da 'yan kai, har da hanyoyin da ke tsakanin komaye. Ke nan lambunka lita 10,000 yake bukata a rana, durom hamsin. Da garwa biyu masu lita 15 kowace, sawu ɗari uku da talatin da wani abu ke nan, don haka ka ga dalilin da ya sa muka ce ka bar zancen garwa, sai dai in kana da leburori na kyauta.

Yanzu ka auna injin. Ka kai durom mai lita 200 ƙarshen tiyo, can inda kake ban ruwa, ba kusa da injin ba, ka duba daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya cika. Sannan ka cika tankin mai har baki, ka yi aikin awa ɗaya cif, ka sake cika shi da kwalbar da ka san awonta. A ce durom ya cika a daƙiƙa 40. Lita 5 ke nan a daƙiƙa, lita 18,000 a awa. A ce injin ya sha lita ɗaya da kwata a awar, fetur kuma sidi 15 lita. Kowace lita 1,000 ta ruwa ta tsaya maka a kusan sidi ɗaya, ban da baƙin mai da gyara. Wannan lambar ita ce farashin ruwanka, kuma yawancin masu lambu ba su taɓa sanin tasu ba.

Daga nan abu biyu ne zai fito. In durom ya cika da sauri haka, to a awa uku kana zuba lita 54,000 a filin da ke neman 10,000. Ko da an ce rabi yana ɓacewa a hanya, awa ɗaya da 'yan mintuna ta ishe ka. Ragowar tana nutsewa ƙasa da saiwa, tana tafiya da takin da ka saya da tsada. In kuwa durom ya ɗauki minti biyu ko uku, to injin ne ke shan mai ba ya kawo ruwa, sai ka bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya.

Fara da tsayin zuƙa. Injin irin naka ya fi ƙarfin turawa a kan ja. Da zarar tazarar da ke tsakaninsa da fuskar ruwa ta wuce mita 6 zuwa 7, sai ruwan ya yanke ko ya riƙa zuwa da tari. Ka sauko da shi kusa da ruwa gwargwadon iko, mita biyu ko uku, ka bar tiyon turawa ya yi tsawon. Sai iska: ƙaramar huda a tiyon zuƙa, ko kilif ɗin da bai ɗauru ba, ko robar mahaɗa da ta tsage, duk suna sa injin ya zuƙi iska. Alamarsa kumfa a bakin tiyo da ruwa mai zuwa yana tsayawa. Rariyar da ke ƙarshen tiyon zuƙa kuma kada ta kwanta a cikin laka. Ka sa ta cikin tsohon kwando ko ka ɗaure ta da jarka mai iyo, ta tsaya kamu ɗaya ko biyu ƙasa da fuskar ruwa.

Wurin da aka fi yin asara ba a sani ba shi ne faɗin tiyo. Ruwan lita 5 a daƙiƙa in ya bi bututu mai inci biyu na tsawon mita 100, gogayyar da yake yi da jikin bututun daidai take da hawan mita 13. A bututu mai inci uku, wannan ruwan dai, asarar ba ta kai mita 2 ba. Injin inci biyu ba ya hana ka sa babban layi mai inci uku. Mahaɗa kawai za ka saya. In gonarka ta yi nisa da rafi, wannan canjin ya fi sayen sabon inji amfani. Bayan haka sai fankar cikin famfon, wadda yashi ke cinyewa a hankali, da matatar iska, da fulogi. Ka kuma gwada rage wutar injin zuwa kashi uku cikin huɗu ka sake auna durom da mai. A gonar da ba ta da tudu sosai, sau da yawa a nan ruwa ya fi araha.

Ina noman shinkafa hekta ɗaya a wani shirin noman rani na gwamnati inda da famfon lantarki ake ɗago ruwa. An ƙara mana kuɗin ban ruwa, wasu sun ƙi biya, yanzu kwanakin ruwa sun ragu. Ruwan Allah ne, kogin ma ba su suka haƙa ba. Me muke biya? — Dattijo manomi, Ashaiman

Baba, Allah ya ƙara girma. Ruwan na Allah ne, amma ɗaga shi daga kogi zuwa tudu ba kyauta ba ne, kuma shi kuke biya, tare da yashe magudanai, gyaran ƙofofin ruwa da albashin masu kula da famfo.

Shirye-shiryen da ke ƙarƙashin GIDA, hukumar raya noman rani ta Ghana wadda aka kafa a 1977, iri biyu ne. Akwai waɗanda ruwa ke gangarowa da kansa daga madatsa, kamar na Kpong da ke Asutsuare, da Tono da Vea da Bontanga a arewa. Akwai kuma waɗanda sai an ɗaga da famfo, kamar Dawhenya, Weija, Aveyime da Akumadan. Na biyun nan wuyansu a hannun farashin wuta yake. A watan Satumba na 2022 hukumar PURC mai ƙayyade farashin wuta da ruwa ta ƙara kuɗin lantarki da kashi 27 cikin ɗari da ɗoriya, a Fabrairun 2023 ta sake ƙara kusan kashi 30. Kayan gyaran famfo kuwa daga waje ake shigo da su, duk faɗuwar da sidi ya yi sai ta bayyana a kansu.

Shinkafa mai shan ruwa ce. Hekta ɗaya takan ci lita miliyan 10 zuwa 15 a zango guda, gwargwadon ƙasa. In famfo yana ɗaga lita miliyan 12 zuwa tsayin mita 15, kuma rabin wutar da yake ci ne kawai ke zama aiki, kamar yadda tsofaffin famfuna suke, wutar za ta kai kusan yunit 1,000 a hektarka kaɗai. In magudanar ta tsattsage, ciyawa ta cika ta, rabin ruwan ya zube a hanya, sai ta zama 2,000.

Abin da ke ba mu takaici a tsarin shi ne da faɗin gona ake biya, ba da yawan ruwan da aka sha ba. Wanda ya tattala ruwa da wanda ya bar ƙofa buɗe ya tafi gida, kuɗinsu ɗaya. Saboda haka tattalin mutum ɗaya ba ya rage masa ko kwabo, sai in ƙungiya gaba ɗaya ta rage awannin famfo. Ƙin biya kuma ba ya hukunta kowa sai manoman da kansu: bashin wuta ya taru, a yanke, ruwa ya tsaya daidai lokacin da shinkafa ke ciki, amfani ya ragu, baɗi masu iya biya su ƙara raguwa. Na ƙarshen magudana su ne ke fara ji a jikinsu.

Tun 2016 akwai dokar da ta ba ƙungiyoyin masu amfani da ruwan ban ruwa matsayi a hukumance. Ku yi amfani da ita. A taron ƙungiya ku nemi a karanto muku takardar wuta ta zangon da ya wuce, yunit nawa aka ci, awa nawa famfo ya yi, hekta nawa aka noma, mutum nawa suka biya. Ku raba yunit da hekta. In lambar tana hawa shekara bayan shekara alhali gonakin ba su ƙaru ba, famfo ko magudana ke neman gyara, ba ƙarin kuɗi kaɗai ba. Ku kuma nemi a karɓi kuɗin bayan girbi, a ƙiyasta shi da buhun shanshera, don kowa ya san buhu nawa zai ware.

A cikin gona kuwa, in 'yan layinku za su yarda ku yi tare, akwai dabarar jiƙawa da busarwa. A yanki bututun roba mai faɗin inci huɗu zuwa shida, tsawon santimita 30, a hudhuda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a gona har ramukan su nutse, a kwashe lakar cikinsa. Daga mako biyu bayan dashe, a bar ruwan gona ya janye har sai an leƙa bututun an ga ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa, sannan a sake cikawa zuwa santimita 5 a sama. Daga mako ɗaya kafin fure zuwa mako ɗaya bayansa ba a busarwa, a bar ruwa kwance. Ana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya faɗi ba. Sharaɗi biyu ne: gona ta zama a daidaice, kuma ku tabbata ranar da kuka nemi ruwa za ku samu. Inda ruwa ba shi da tabbas, kada ku soma. Ciyawa ma takan ƙaru in gona ta bushe da wuri, a shirya mata.

Ina da ɗan lambu a bayan gida, alayyahu, kuɓewa da tattasai, da ruwan famfo nake ba su. Takardar ruwa ta fi kuɗin miyar da nake cirewa. — Uwargida, Madina

Hajiya, ba mamaki. Lambu mai taku goma sha biyu kowane gefe, kimanin murabba'in mita 100, yana shan lita 500 a rana, lita 15,000 a wata. Lita 5,000 na farko a wata su ne masu rahusa a takardar gida, abin da ya haura farashinsa daban, kuma ruwan da aka tace don sha kike zuba wa kuɓewa. Na tanka ya fi haka tsada nesa ba kusa ba.

Ki tara ruwan alwala da na wankin shinkafa da ganye a durom, shi kaɗai a gida mai jama'a yana riƙe komaye da yawa. Na wanki mai bilic ko sabulu mai yawa kada ya shiga. Ki sa indararo a kwano ya zuba a tanki. Kwano mai murabba'in mita 100 yana tara kusan lita 800 a ruwan sama na milimita 10. Ki rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa kaurin yatsu uku, ki ba da ruwa da sassafe a gindi, ba a kan ganye ba. In har yanzu lissafin bai fita ba, ki rage lambun zuwa abin da ya fi tsada a kasuwa.

Wani ya ba ni shawara in haƙa rijiyar burtsatse in sa famfon sola a gonata eka ɗaya, in huta da mai. Ya kuka gani? — Matashi, Adenta

Ƙanenmu, shawarar ba ta da laifi, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sola kuɗin man shekaru ne ake biya a rana ɗaya, don haka tambayar farko ita ce filin na wane ne. Masu lambu da yawa a Accra a filin hukuma ko na wani suke noma, ana iya tashinsu kowane lokaci. In haka kake, kada ka binne kuɗinka a rijiya. Ka nemi famfon sola na tafi-da-gidanka mai jan ruwan rafi ko tafki.

In filin naka ne, to ruwan za ka fara tuhuma. Rijiyoyi da yawa a filayen Accra ruwansu na da gishiri, albasa da latas da karas kuwa ba sa jure shi, kuma gishirin taruwa yake a ƙasa shekara bayan shekara. Ka ɗebi ruwan rijiyar maƙwabta ka kai a auna kafin ka kira mai haƙa. Mai haƙar ya kasance yana da lasisin hukumar kula da albarkatun ruwa ta ƙasa, a can kuma za ka nemi bayanin izinin ɗibar ruwa don noma. Bayan an haƙa, ka dage a yi gwajin ja na awanni, a rubuta maka lita nawa rijiyar ke bayarwa a awa da kuma inda ruwan ke tsayawa ana cikin ja. Da waɗannan lambobi biyu ake zaɓen famfo, ba da zurfin rami ba.

Eka ɗaya tana neman lita 20,000 a ranar zafi. A ce jimillar hawan, daga inda ruwa ke tsayawa a rijiya zuwa saman tanki har da gogayyar bututu, mita 30 ne. Da ranar Accra mai ƙarfin awa huɗu da rabi zuwa biyar, kana bukatar farantan sola na wat 1,000 zuwa 1,200, da rijiyar da za ta iya ba da lita 4,000 a awa. In rijiyar 1,500 take bayarwa, ƙarin faranti ba zai haifar da ruwa ba, famfon ne zai ja iska ya ƙone. Shi ya sa na'urar da ke kashe famfo in ruwa ya yanke ba abin tsumulmula ba ce. Ka ajiye ruwa a tanki maimakon ajiye wuta a batir. Da hunturu, lokacin da ka fi bukatar ruwa, ƙura na rufe faranti, sai an riƙa wanke su da sassafe duk bayan 'yan kwanaki. A ɗaure su da kusoshin da ba sa kwancuwa da sauƙi, don ɓarayi ma sun san farashinsu.

Sola ta fi dacewa da ban ruwa na ɗigo, wanda kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa ke isa saiwa, alhali na kwarin kunya da ƙyar yake wuce rabi. Sai dai ramukan ɗigon suna toshewa. A sa matata bayan tanki, a wanke ta kullum, a buɗe ƙarshen layuka duk mako biyu ruwa ya kore dattin.

Don in rage kashe kuɗi na koma ban ruwa bayan kwana biyu-biyu. Latas ya yi ɗaci, tumatir yana ruɓewa ta ƙasa. Ciwo ne? — Mai lambu, Fadama

Ba ciwo ba ne, Malam, ƙishirwa ce, kuma kada wani ya sayar maka da maganin feshi a kai. Saiwar latas ba ta da zurfi, in zafi da ƙishi suka haɗu masa sai ya yi ɗaci ya yi tsiri. Baƙin tabon gindin tumatir kuwa daga rashin isar sinadarin kalsiyam ne zuwa ɗan, abin da ke faruwa in ƙasa tana bushewa tana jiƙewa. Irin wannan ne ke sa tumatir da kabeji fashewa in aka kwarara musu ruwa bayan sun sha ƙishi.

Kowace shuka tana da lokacin da ba a yi mata rowa: tumatir da tattasai daga fure zuwa ƙullin 'ya'ya, kabeji lokacin naɗe kai, albasa lokacin da take yin kai, kowane dashe a makonsa na farko, latas kuwa daga farko har ƙarshe. Inda za ka iya ragewa shi ne tumatir bayan ya kama ƙasa kafin fure, kuɓewa mai dogon saiwa, da albasa mai kai wadda dama ake yanke mata ruwa kwana goma zuwa mako biyu kafin cira. Ka tona da yatsa zurfin santimita 10 ka dunƙule ƙasar a hannu. In ta dunƙulu, bari sai gobe. In kuɗin man da kake da shi na komaye arba'in ne kawai, ka shuka arba'in ka ƙosar da su. Komi sittin masu ƙishi matan kasuwa za su taya su a wulaƙance.

Kogin da muke ja ya zama kamar koko saboda masu haƙar zinariya a sama da mu. Sil ɗin injina bai daɗewa. — Manomi, Aboabo, Kumasi

Laka da yashi ne ke cin sil, wato abin da ke hana famfo yoyo, da fanka, kuma lakar na like fuskar ƙasa ta hana ruwa shiga. Ka haƙa rami a gefen kogi, taku kaɗan daga baki, ka bar ruwa ya tsatso ta cikin yashi, ka ja daga nan. In ƙasar ba ta ba da haka ba, ka yi tafki biyu: na farko ruwa ya kwana a ciki laka ta kwanta, ka tsiyaye na sama zuwa na biyu ka yi ban ruwa da shi. Bayan aiki ka zuba ruwa mai tsabta ka wanke cikin famfon, kada ka taɓa tayar da shi babu ruwa a ciki, don minti kaɗan ya isa ya ƙona sil. Kwantar da laka ba ya tabbatar da cewa sinadarai irin su makuri sun fita. In ganyen da ake ci ɗanye kake nomawa, ka kai ruwan da ƙasar gonar ɗakin gwaji a auna su kafin shuka ta gaba.